Yaron bencin baya: Yadda ake kula da ɗalibi guda a ajin mutum tamanin

Da misalin ƙarfe takwas na safe, lokacin da motocin ma'aikata ke jerin gwano a titin Nyanya zuwa cikin gari, tuni an kaɗa ƙararrawa a makarantun firamaren gwamnati da ke unguwannin da suka kewaye Abuja. A da yawa daga cikinsu, ko a Karu ne ko Kubwa ko Lugbe ko Gwagwalada, abin da ido zai gani kusan iri ɗaya ne. Bencin mutum uku ya ɗauki biyar, waɗanda suka makara sun zauna a bakin ƙofa, malama ta rubuta jimla a allo tana karantawa, aji kuma yana amsawa da murya ɗaya. Duk wanda ya tsaya ta taga ya saurara, zai tafi da yaƙinin cewa kowa ya iya.

Sai dai a bencin baya akwai yaron da bakinsa ke motsi tare da na kowa, alhali da za a ware shi a nuna masa kalmar farko ta jimlar, ba zai iya fitar da ita ba. Ya ƙware wajen kwafa daga allo, littafinsa cike yake da rubutu mai tsabta. Ba ya faɗa, ba ya fashi, don haka sunansa bai taɓa isa ofishin shugaban makaranta ba. Ya shiga aji huɗu ne saboda shekara ta zagayo, kuma haka zai shiga aji biyar. Ranar da asirin zai tonu, sau da yawa, ita ce ranar jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, ko ma ta fita daga babba, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Irin wannan yaro ba shi ne tsiraru ba. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan yaro ɗaya ne kacal cikin huɗu, a tsakanin masu shekara 7 zuwa 14, yake da tushen karatu, haka ma lissafi. Da yawa daga cikin sauran ukun suna cikin aji kullum, sanye da kayan makaranta, sunansu na cikin rajista.

Lissafin da malami ke fuskanta

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga 40 a sakandare. A manyan makarantun birane, ninkin wannan adadi ba abin mamaki ba ne. A ɗauki aji mai yara 80 da darasi na minti 40. Idan malama ta ajiye koyarwa gaba ɗaya ta raba lokacin daidai-wa-daida, kowane yaro zai samu rabin minti. Idan ta ba da aikin gida ta ware minti biyu ga kowane littafi, sai ta kwashe awa biyu da minti 40 kafin ta gama duba darasi guda. Ga kuma jadawalin manhaja da aka tsara mako-mako, wanda shi ne abin da mai duba makarantu zai fara tambaya idan ya zo.

A irin wannan hali, malamar da ke son ta tsira da aikinta takan koyar da 'yan layin gaba, wato goma ko sha biyar da ke ɗaga hannu, sauran kuma su bi da amshi. Wannan ba mugunta ba ce. Tsarin ne yake auna ta da yawan shafukan da ta rufe, ba ya tambayar yawan yaran da suka tafi tare da ita.

Cunkoson yana da tarihi. Lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, yaran da suka fito sun zarce ƙiyasin da aka yi, sai aka koma horar da malamai cikin gaggawa. A 1999 aka sake ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, yara kan shigo da saurin da ya fi na gina aji da ɗaukar malami. A Abuja abin ya ƙara tsanani, domin birnin na karɓar baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasar. A aji guda ana iya samun ɗan Gbagyi da Bahaushe da ɗan Tibi da Ibo da Bayarabe, wani ya fito daga makarantar kuɗi da iyayensa suka gaza ci gaba da biya, wani kuma rikici ya raba shi da karatu shekara biyu. Shekarunsu ɗaya, ajinsu ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu takan kai ta aji uku ko huɗu.

Ko rage yawan yara shi ne magani?

Babu mai musun cewa koyar da yaro shi kaɗai ya fi komai tasiri. A 1984, masanin ilimi na Jami'ar Shikago a Amurka, Benjamin Bloom, ya wallafa cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce darasi sai ya ƙware, yakan zarce kashi 98 cikin 100 na takwarorinsa da ke ajin gama-gari. Binciken da ya biyo baya bai samu tasirin da ya kai haka girma ba, amma tambayar da Bloom ya bari tana nan: ta yaya za a samar da wani kaso na wannan alheri a cikin taro, tunda babu ƙasar da za ta iya bai wa kowane yaro malaminsa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a rage yawan yara a aji. Jihar Tenesi ta Amurka ta gwada hakan tsakanin 1985 da 1989 a makarantu 79, inda aka raba yara fiye da 11,000 ta hanyar ƙuri'a. Wasu suka shiga aji mai yara 13 zuwa 17, wasu mai 22 zuwa 25. 'Yan ƙaramin aji sun fi samun ci gaba, musamman 'ya'yan talakawa. Ganin haka, jihar Kalifoniya ta yi gaggawar rage azuzuwan farko zuwa yara 20 a 1996. Dole ta ɗauki dubban malamai cikin ɗan lokaci, da yawansu ba su da cikakkiyar shaidar koyarwa, ƙwararru kuma suka yi ta barin unguwannin talakawa zuwa sabbin guraben da suka buɗe a na masu hali. An kashe maƙudan kuɗi, ribar kuma ba ta kai yadda aka zata ba.

Gwajin da ya fi kusa da halin Najeriya shi ne na yammacin Kenya. Daga 2005, masu bincike Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka bi diddigin makarantun da aka bai wa ƙarin malami domin a raba ajin farko, mai yara kimanin 80, gida biyu. A kusan rabin makarantu 121 an raba yaran ta hanyar ƙuri'a, a sauran kuma an raba su bisa matakin da kowa yake. Bayan wata 18, makarantun da suka raba bisa mataki ne suka yi gaba, kuma ribar ta shafi kowa, har da waɗanda aka sa a rukunin ƙasa. Dalilin a bayyane yake. Malamin da yaransa ke kusa da juna a fahimta yana iya saita muryarsa daidai da kunnensu.

Darasin da ke ciki shi ne cewa yawan kawuna matsala ce, amma tazarar da ke tsakanin kawunan ta fi ta illa. Aji mai yara 40 da ya haɗa wanda bai san harafi ba da wanda ke karanta jarida zai ci gaba da barin rabi a baya.

Abin da Indiya ta gano

Ƙasar da ta fi zurfafa bincike kan wannan batu ita ce Indiya, wadda makarantunta na gwamnati ke fama da irin ciwon na Najeriya. A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa ƙungiyar Pratham a birnin Mumbai, ƙarƙashin Madhav Chavan da Farida Lambay. Tun daga 2005 ƙungiyar ke aika 'yan sa-kai gida-gida a ƙauyuka suna zama da yaro ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa masa takarda guda ya karanta. Shekara bayan shekara sakamakon na maimaita kansa: kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin da aka rubuta domin 'yan aji biyu.

Takardar gwajin ba ta da wani sirri. Tana ɗauke da haruffa, da kalmomi, da ɗan gajeren sakin layi, da labari. Cikin 'yan mintoci ake gane inda yaro ya tsaya: ko mafari ne da bai san harafi ba, ko yana matakin harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko labari. Haka ake yi a lissafi, daga gane lambobi zuwa ɗebewa da rabawa. Muhimmin abin shi ne ba a rubuce ake yi ba, kuma ba a cikin taro ba. Yaron ne da bakinsa, malami na kallon yatsansa a kan takarda. Babu amshi, babu kwafa.

Daga nan aka gina hanyar da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. A farkon shekarun 2000, a biranen Vadodara da Mumbai, an ɗauki 'yan mata daga cikin unguwa, waɗanda suka gama sakandare, aka ba su gajeren horo. Kowacce takan ware yara 15 zuwa 20 da aka bari a baya a aji uku da huɗu, ta zauna da su awa biyu a rana kan tushen karatu da lissafi. Binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi ya nuna ci gaba a fili, mafi yawansa a wurin yaran da suka fi rauni. Wannan na cikin ayyukan da suka sa aka ba su kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2019, tare da Kremer.

Inda aka gwada aka faɗi

Ɓangaren labarin da ya fi amfani ga ma'aikacin gwamnati shi ne na faɗuwa. Tsakanin 2008 da 2010 an kai hanyar cikin makarantun gwamnati a jihohin Bihar da Uttarakhand. An horar da malamai, an raba kayan aiki, an koma gida ana jiran sakamako. Bai zo ba. Malaman sun halarci bita, sun karɓi littattafai, amma da suka koma aji sai suka ci gaba da bin manhaja, domin a kanta ake tuhumarsu. Abin lura shi ne cewa a Bihar ɗin, da aka shirya darasin hutu inda babu manhajar da za a kammala, malaman gwamnati sun yi amfani da hanyar kuma yara sun koya. Ashe ba iyawa ce ta yi ƙaranci ba, izini ne babu.

A jihar Haryana, a zangon 2012 zuwa 2013, sai aka sauya salo. Gwamnati ta ware awa guda a jadawalin kowace rana, ta rubuta a hukumance cewa wannan lokaci na karatu bisa mataki ne. Jami'an da ke zagaya makarantu kuma aka sa su fara koyar da yara da kansu na wasu kwanaki kafin su horar da kowa, sannan su riƙa komawa suna duba ko ana raba yaran. A nan aka ga ci gaba a karatu. A Uttar Pradesh, inda makarantu suka fi rauni, aka bi hanyar sansanin karatu na kwana 10 ko 20 a jere, ana maimaitawa har a tara kimanin kwana 50 a shekara. Yawan yaran da ke iya karanta sakin layi ko labari ya ninka na makarantun da ba a yi shirin ba.

Bambancin Bihar da Haryana ba a kayan aiki yake ba. Yana cikin takardar umarni da ta ware lokaci, da kuma tambayar da mai duba makarantu ke yi idan ya sauka daga babur ɗinsa.

Daga Zambiya zuwa Wudil

Hanyar ta ƙetaro Afirka. Ghana ta gwada wani nau'inta daga 2010, da matasan da ke cikin shirin samar da aikin yi na ƙasa a matsayin mataimakan malamai. Zambiya ta fara da makarantu 80 a 2016, ga 'yan aji uku zuwa biyar, daga baya ma'aikatar ilimin ƙasar ta faɗaɗa shi zuwa larduna. A Najeriya an fara gwaji a jihar Borno a 2018 da tallafin UNICEF, a wurin da rikici ya tara yara masu mabambantan shekaru a aji guda. A 2019 kuma jihar Kano ta ƙaddamar da shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, tare da British Council da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, shirin ya koma rediyo da saƙon waya da takardun aikin gida.

Yadda abin ke gudana a makaranta ba ya buƙatar sabon gini. A ce makaranta na da aji huɗu da biyar da shida, kowanne da malaminsa. Idan lokacin ya yi, sai a manta da sunan aji. Masu harafi su nufi ɗaki ɗaya, masu kalma su nufi wani, masu labari su zauna ƙarƙashin bishiya. Malamai ukun nan dai su ne, ɗakunan ma su ne. A rukunin farko ana aiki da jadawalin gaɓoɓi, ana haɗa ba da ki a samu baki. A lissafi ana ƙulla tsinke goma-goma domin yaro ya riƙe goma a hannunsa kafin a ce ya ara daga maƙwabcin lamba. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya haye ya koma rukuni na gaba.

Ga mutumin Arewa, wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo, yara hamsin na iya zama a zaure ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wani na babbaƙu, wani na farfaru, wani ya yi nisa. Yaro kan zo gaban malam shi kaɗai ya biya, kuma ba ya wanke allo a ɗora masa sabon karatu sai ya iya na jiya. Gardawa na taya malam sauraron ƙanana. Duk abin da za a faɗa game da matsalolin da suka dabaibaye almajirci a yau, wannan ƙa'ida ta koyarwa tana nan da ƙarfinta: ba kalanda ke ciyar da yaro gaba ba, iyawarsa ce.

A sakandare, a san sunansa

A babbar makarantar sakandare matsalar kan sauya kama. Ɗalibi na ganin malamai goma ko fiye a mako, kowanne na ganin ɗaruruwan ɗalibai, don haka babu wanda ɗalibin yake wuyansa. Yarinya na iya daina zuwa ranakun kasuwa, daga nan ta ɗauke ƙafa mako guda, daga nan a ji an yi mata aure ko ta koma talla, ba tare da wani ya lura da ranar da abin ya fara ba.

Birnin Shikago, mai ɗaya daga cikin manyan tsarin makarantun gwamnati a Amurka, ya fuskanci irin wannan. Masu bincike a jami'ar birnin suka gano cewa shekarar farko ta babbar sakandare ce mahaɗa. Ɗalibin da ya kammala ta ba tare da faɗuwa fiye da darasi ɗaya daga cikin manya ba, yiwuwar ya gama makaranta ta ninka ta wanda ya yi tuntuɓe fiye da sau uku, kuma wannan ma'auni ya fi makin jarrabawar shiga iya hasashen makomarsa. Daga wajajen 2007 makarantun birnin suka fara fitar da jerin sunayen waɗanda fashinsu ya fara yawa ko makinsu ya fara sauka, malamai su zauna a kai a kai su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a ɗora wa wani alhakin kiran gida ko zama da ɗalibin. Yawan masu kammala sakandare a birnin ya ƙaru sosai a shekarun da suka biyo baya.

Duk kayan wannan aiki suna nan a makarantun Najeriya. Akwai rajistar da ake kira safe da rana. Akwai malamin aji. Akwai makin gwajin cikin zango. Manufar ilimi ta tanadi malamin ba da shawara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman da za a buɗe rajistar a karanta ta a matsayin gargaɗi, maimakon a cike ta a ajiye domin ranar da baƙi za su zo daga hedikwata.

Ƙorafe-ƙorafen da ke da tushe

Akwai iyayen da ke fargabar cewa raba yara bisa mataki zai sa a yi wa wasu tambarin daƙiƙai. Fargabar na da hujja idan rabon ya zama na dindindin. Shi ya sa masu hanyar ke nanata cewa awa ɗaya ce ko biyu a rana, kuma ana sake gwaji a kai a kai domin yaro ya ga kansa yana hawa. Sannan tambarin da ya fi ciwo shi ne wanda yaro ke yi wa kansa bayan shekara huɗu yana motsa baki a bencin baya.

Ƙorafi na biyu na malamai ne, kuma ya fi nauyi. Gwada yara 80 ɗaya bayan ɗaya, a minti biyar-biyar, aikin kusan awa bakwai ne, ko da an raba shi kwana uku. Ba a neman irin wannan himma daga wanda ke bin bashin albashi. A 2025, malaman firamaren gwamnati na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, daga Maris zuwa Yuli, kan rashin aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da sauran haƙƙoƙin da suke bin ƙananan hukumomi shida na birnin. Zango guda ya salwanta. Yaran da iyayensu ke da halin ɗaukar malamin gida sun ci gaba, na bencin baya kuma suka dawo da ƙasa da abin da suka tafi da shi.

Na uku, kada a ɗauki wannan hanya a matsayin uzurin daina gina azuzuwa da ɗaukar malamai. Ajin mutum ɗari ba wurin karatu ba ne, ko da wace dabara aka zo. Amma gini da ɗaukar aiki kan ci shekaru, yaron da ke aji huɗu a bana kuwa shekara biyu ta rage masa a firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke hannun masu riƙe da fayil

Tafiyar da firamare alhakin jihohi da ƙananan hukumomi ne, amma igiyoyi da dama na hannun tarayya. Dokar 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya. Tsawon shekaru, rabin wannan kuɗi na tafiya ne a matsayin tallafin da sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, akasari domin gine-gine, kuma shugabannin hukumar sun sha kokawa cewa biliyoyin naira na kwance saboda jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Akwai kuma kason horar da malamai. Darasin Bihar ya nuna cewa bitar kwana uku a otal, wadda ba a bi ta da lokaci a jadawali da mai bibiya ba, kuɗi ne da aka zuba a rariya.

Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage yawan darussan da ake ɗora wa yara. Ragin zai yi ma'ana ne idan lokacin da aka samu ya koma ga tushen karatu da lissafi, a rubuce, yadda shugabar makaranta za ta iya nuna takarda idan aka tambaye ta dalilin da ya sa ɗan aji biyar ke zaune da jadawalin gaɓoɓi. Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda minista da kwamishinonin jihohi ke haɗuwa, ita ce wurin da irin wannan matsaya ke samun ƙafa. Takardar da masu duba ingancin makarantu ke cikewa ita ma ana iya ƙara mata layi guda: a zaɓi yara goma ba tare da son rai ba, a ba su sakin layi, a rubuta nawa suka karanta.

Hannuwan taimako ma akwai su. Kowace shekara ana tura dubban masu yi wa ƙasa hidima makarantu, ɗaliban kwalejojin ilimi na fita koyon aikin koyarwa, shirin N-Power da aka fara a 2016 ya taɓa zuba matasa masu yawa a azuzuwa. Galibi akan miƙa musu alli a ce su riƙe aji ko su cike gurbin malamin da bai zo ba. 'Yan matan Vadodara ba su fi su ilimi ba. An dai ba su aiki guda bayyananne, da yara ƙidayayyu, da awa biyu da ba mai taɓawa.

Makarantun nan ba su yi nisa da sakatariyar tarayya ba. 'Ya'yan direbobi da masinjoji da masu gadi da ƙananan ma'aikata ne ke cika su, kuma tsadar rayuwa na ƙara turo 'ya'yan matsakaitan ma'aikata cikinsu. Jami'in da ke rubuta wa minista ko ɗan majalisa takardar shawara kan ilimi ya saba lissafa azuzuwan da aka gina da kujerun da aka raba, domin su ne ake iya ɗauka a hoto. Akwai wani adadi da ba ya fitowa a hoto, wanda kowace makaranta za ta iya samarwa cikin mako guda da takarda ɗaya: yara nawa ne a aji huɗu ke karanta labari, nawa ne suka tsaya a harafi, kuma su wane ne. Ranar da aka fara neman wannan jeri daga sama, ranar ce malama za ta samu dalilin taka wa zuwa bencin baya, ta kira yaron da sunansa, ta ce ya karanta mata shi kaɗai.